Kafa a Gindin Shingen Aguwa

Paris, Goutte d'Or
Satumba

Yaya Chaibou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina aikin luzin, masana'antar taku? Yaya Zakiyya da ɗawainiya? Yaya jikin Inna? Allah Ya sa aikin idon da za a yi mata ya zo da sauƙi.

Na san za ka ce Ramatou ta koma zamanin da, ga salula a hannu tana rubuta wasiƙa. To laifin gidanka ne. Tun da Inna ta zo Lyon neman magani, idonta ya ragu kunnenta ya ƙaru. Ko a makewayi ka ɗauki kira, kana fitowa za ta ba ka labarin abin da aka ce. Maganar nan kuwa ba na so ta ji ta daga sama.

Ka tuna taron da buro, wurin aikina, suka tura ni Nice? A otel na tsinci wata takarda ta 'yan yawon kallo: tsohon gida a bakin teku kusa da Menton, da garka, lambun itatuwan ƙasashen zafi, kowa na iya shiga. Ina ganin sunan masu gidan na tsaya na sake karantawa. Sunan Kumandan ne, Yaya, Baturen mulkin nan. Wanda ya tafi da Ilya, baban Inna, shekarar da aka samu mulkin kai, wai don ya ci gaba da yi mishi aikin garka. Sunan nan da Kaka ba ta faɗinsa sai ta tofar da yawu. Na sulale daga taron na hau jirgin ƙasa.

Gidan dutse ne a kan tudu, teku a ƙasansa tana ta dukan duwatsu. A ciki an rataye takubba da faya-fayi da ƙore a bango, kamar ba a taɓa shan fura a cikinsu ba. Garkar kuwa, franchement, gaskiya ta yi kyau: ayaba, dabino, lemu, da wasu masu ƙaya da ban san sunansu ba. Ina bin mutane ina hamma, har mai yi mana jagora ta ce saura abu ɗaya, can ƙarshe, wai "le coin africain", lungun Afirka ke nan.

Yaya, shingen aguwa ne. Aguwa irin tamu, wadda ake kewaye gona da ita, ta kai mini ƙirji. Akwai ƙofa. Ka shiga sai ka tarar da ɗan fili mai kusurwa huɗu, dole ka karya hagu kafin ka fita babban fili. A dama an zagaye wani wuri kamar ɗaki. A tsakiya magarya, a gindinta randa, daga baya rumman. Turawa suna ta ɗaukar hoto, ni kuwa na san inda nake. Gidan Kaka ne na Mirriah. Zaure, tsakar gida, ɗakinta, har inda muke zama hutun lakkwal, in an rufe makaranta, muna tsintar magarya. Gidan da ruwa ya rushe aka gina shaguna a wurinsa, ga shi tsaye a bakin tekun Faransa, da ganye maimakon ƙasa.

Ban san lokacin da na yi sallama ba. Da ƙarfi kuwa, har wani tsoho ya juyo yana kallona. Ba wanda ya amsa, amma wallahi na tsaya jiran amsa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙasar wurin. A share take tas, da sawun tsintsiya baka-baka, irin sharar safe ta gida. Na tambayi mai jagora wa ke shara. Ta ce ba kowa, iskar teku ce ke yin haka. Akwai kuma wata 'yar kafa a gindin shinge ta baya, an datse ta da kyau, kamar ta kyanwa. Wannan kam ban gane ta ba.

Ta ce wani mai aikin garka ne ya dasa wurin, Ilya sunansa, ya rasu tun da daɗewa. Ta kuma ce kafin sanyi ya wuce za a tumɓuke shingen, wai ruwan aguwa ya taɓa idon wani mai kallo, za su sa teburan shan shayi a wurin.

Inna ta yi rayuwarta duka tana cewa ubanta ya manta da ita. Ni yanzu ban yarda ba. Ina so ta zo ta tsaya a wurin nan kafin a sare shi. Ka duba maganar, don Allah.

Ka gaida kowa. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Ramatou

*

Vaulx-en-Velin
Satumba

Ramatou,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wasiƙarki ta iso, mun gode. Muna lafiya, aiki da godiya. Zakiyya tana amsawa. An sa ranar aikin Inna mako mai zuwa, ido ɗaya za a fara.

Na karanta abin da kika rubuta a wurin cin abinci na luzin ɗinmu a Saint-Fons, ban kawo ta gida ba sai da na ɓoye ta a aljihu. Amsata ita ce a'a.

Wane gida ne a ƙasar Damagaram ba a karya kwana a zaurensa? Wane gida ne babu randa a gindin itace? Kin tafi da abu a ranki, kin ga abin da kike so. Maganar shara kuwa, ki nemi tsari. Kangon wuri a bakin ruwa ba wurin da mace za ta tsaya tana sallama ba ne.

Ko da gidan ne, sai me? Kaka ta ƙi aure ta zauna jiransa har ta tsufa ta mutu. Inna ta tashi ana ce mata 'yar wanda ya bi Bature. Ni na girme ki, na ji da kunnena ranar da liman ya ce ta sa ubanta a addu'a, ta ce ba ta da wanda za ta sa. Itace ya dasa, Ramatou. Bai dawo ba.

Akwai abin da ba ki sani ba. Ranar da na tarbe ta a filin jirgi, 'yan duwan masu binciken kaya sun buɗe jakarta sun ciro wani ƙulli na tsohon tsumma. Ƙasa ce a ciki. Ta ce musu magani ne. A mota ta gaya mini gaskiya: ranar da baban nata ya fita, Kaka ta bi bayansa ta ɗebi ƙasar sawunsa a bakin zaure ta ƙulle, yadda tsofaffi ke yi don matafiyi ya dawo. Da Kaka ta rasu, ita ta ɗauka. Na ce camfi ne, ta ba ni in zubar. Kallon da ta yi mini da idon da ba ya gani, ban sake tayar da zancen zubarwa ba.

Mai hawan jini, mai jiran wuƙar likita, mai yawo da wannan ƙulli, ita kike so in kai bakin teku? Kada ki tayar mata da abin da ya kwanta. Ni ne babba, kuma a hannuna take.

Allah Ya tsare. Wassalam.

Chaibou

*

Paris
Oktoba

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Alhamdu lillahi da aka yi aikin lafiya. Na ji muryarta, ta ce an naɗe mata fuska kamar mai ciwon haƙori. Sannunku da ɗawainiya, kai da Zakiyya.

Ka ce kai ne babba, ban musa ba. Amma ba ka ce kada in koma ba, to na koma.

Ashe 'yar Kumandan tana da rai. Tsohuwa ce tukuf, tana zaune a saman gidan, ƙungiyar da ke kula da wurin ta bar mata ɗakuna biyu. Da na ce ni jikar Ilya ce, sai ta riƙe hannuna ta ƙi saki, tana ta kallon goshina, wai nasa ne.

Ta ce da hannunsa ya zo da 'yan sandunan aguwa daga Nijar, a naɗe cikin rigarsa. Uban nata ya ba shi lungun da ba a so, can inda iska ke bugu. Sanyi ya kashe, ya sake dasa abin da ya tsira, ya rufe shi da buhuna, har ya kama. Ya gwada lalle da zogale, duk shekara suna mutuwa, duk shekara yana sake gwadawa. Ta ce ba ya yarda kowa ya tsallaka shingen, ko Kumandan. Sai ta ƙofa, kuma sai ka tsaya ka yi kira. Kullum da safe yana share wurin, ya cika randa, ya zauna a bakin abin nan mai kama da ɗaki. Bai taɓa shiga ciki ba.

Ka ji? Bai taɓa shiga ba. Ɗakin Kaka ne, yana jiran a ce mishi ya shigo.

Na ce mata, Madam, me ya hana shi komawa gida? Ta ce duk shekara yana tambaya, uban nata yana cewa baɗi, in an gama dashe. Takardunsa na tafiya suna cikin teburin Kumandan. Daga baya, in ji ta, ya daina tambaya. Sai ta yi murmushi ta ce, "Il était heureux ici," wai ya ji daɗin zama da su. Yaya, na ji kamar in kife mata tiren shayin. Na danne don tsufanta. Ban sani ba ko tsoro ne ya riƙe shi, ko kunyar komawa bayan shekaru sun tafi. Ita ma ba ta sani ba, kuma ban ga alamar ta taɓa tambayar kanta ba.

An binne shi a maƙabartar gari, a filin waɗanda ba su da kowa. Na je. Tuni an sa wasu a wurin, ko alama babu. Abin da ya rage nasa a duniya shingen nan ne.

Na tambaye ta 'yar kafar nan ta baya. Ta ce sun ɗauka don kyanwa yake yi, amma ba su taɓa ajiye kyanwa ba. In rassa suka rufe ta sai ya sake datsewa. Masu aiki na yanzu suna datse ta ne kawai don haka suka tarar.

Maganar shara na yi mata. Ta ce tagarta tana kallon wurin, kuma ta daɗe da daina buɗe ta da safe.

Ka ce na ga abin da nake so. To ga ɗan reshe na karyo na sa maka a ambulan. Ka duba da idonka, ka ce mini ba aguwa ba ce. An riga an jibge katakon teburan a bakin hanya.

Ka gaida Inna, ka ce ina tafe ƙarshen wata.

Ramatou

*

Vaulx-en-Velin
Oktoba

Ramatou,

Salamu alaikum. Muna lafiya.

Ke dai ba kya jin magana. Aguwa a ambulan, zuwa gidan da ke da mai sabon aikin ido! Da ruwanta ya taɓa ta fa?

Ina dawowa daga aiki na tarar da wasiƙar, na buɗe ta a tsaye a falo. Reshen ya faɗo, na taka shi ban sani ba. Inna tana kan darduma, fuska a naɗe. Sai ta ɗaga kai ta ce, "Wa ya karya aguwa a gidan nan?"

Na ce ba kowa. Ta ce, "Ni za ka yi wa ƙarya? Na san warinta tun ban san sunana ba." Ta miƙo hannu. Na sa reshen a cikin leda na ba ta, ta yi ta shafa shi ta bayan ledar. Ta ce in karanta mata takardar da ya zo a ciki. Na karanta. Ta ce akwai ta farko, ta ji ƙarar takarda a aljihuna tun watan jiya. Na karanta ita ma.

Ba ta yi kuka ba. Kwanaki tana cin abinci kaɗan, Zakiyya tana ta fama. Jiya bayan la'asar ta ce, "Ka kai ni in ga ƙaryar." Haka ta faɗa.

Likita ya cire naɗin. Ya ce hasken da zai dawo ba shi da yawa, inuwa kawai take gani. Ya yarda a yi tafiyar in za ta sa baƙin tabarau. Ranar Asabar za mu kama hanya da mota.

Ta ce kada ki zo. Wai surutunki zai hana ta ji. Kada ki yi fushi da ni, saƙo ne na isar.

Chaibou

*

Vaulx-en-Velin
Nuwamba

Ƙanwata Ramatou,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gajiya, ina haƙuri da mu? Na ga kiranki duka. Ban ɗauka ba don ban san ta inda zan fara ba, kuma tana kusa. Gara in rubuta.

Mun kwana a hanya, muka isa da hantsi, ana buɗe ƙofa. Babu kowa sai mu. Na riƙe hannunta muka ratsa garkar. Ina ce mata ga ayaba, ga dabino, ta ce ba kallon ayaba ya kawo ta ba.

Da muka kai bakin shingen ta tsaya ta shaƙi iska. Ta zare hannunta daga nawa. Ta cire takalmi. Ta yi sallama a hankali, ta jira, sannan ta shiga.

Ramatou, ban riƙe ta ba. Matar da ba ta iya zuwa kicin ɗina sai da laluben bango, ta karya hagu a zaure ba ta taɓa ganye ɗaya ba. Ta ratsa tsakar gida kai tsaye zuwa gindin magarya, ta sa hannu ta sami bakin randa. Da ta zo ƙofar ɗakin Kaka sai ta sunkuyar da kai ta shiga. Babu komai a saman wurin sai sarari, amma kin tuna ƙofar nan gajeriya ce, ni ma ta sha buge mini goshi. Na ce miki kin ga abin da kike so. Na janye maganata.

Ta fito tana magana ita kaɗai, murya a bushe. Ta ce, "Gini dai ka iya. Zaure ka tuna, randa ka tuna. Gidanka ka yi kewa, ba mutanen ciki ba." Na ji daɗi a raina, na ce shi ke nan, za mu tafi ba abin da ya same ta.

Sai ta bi shingen baya. Na ce ta yi nesa da shi saboda idonta, ba ta ko ji ni ba. Tana tafe tana jan ƙafa a gindinsa, har ƙafar ta faɗa cikin kafar nan da kika ce ta kyanwa ce. Ta tsaya cik. Ta durƙusa ta auna ta da hannu, faɗi da tsawo.

Ta ce, "Ya bar ta a buɗe."

Na ce mene ne, Inna? Ta bar hannunta a cikin kafar. Sannan ta ce tana ƙarama, in ya fita garka da asuba yana hana ta binsa, sai ta ɓula shingen baya ta rarrafa ta riga shi zuwa hanya. Ya toshe, ta sake ɓulawa. Har dukanta ya taɓa yi a kan kafar nan. Ranar da zai tafi ma, abin da ya yi na ƙarshe a gidan shi ne ya toshe ta da ƙaya don kada ta bi motar Kumandan. Ta ce abin da ta riƙe a ranta ke nan duk tsawon rayuwarta, cewa ubanta ya toshe mata hanya ya tafi.

Kafar daidai jikin yarinya 'yar shekara biyar take, Ramatou. Na auna da idona.

Ban taɓa jin Inna ta yi irin kukan nan ba, ko ranar rasuwar Baba. Tana durƙushe, goshinta kusa da ƙasa, tana cewa, "Ga ni, na biyo ka. Na yi girma, ba ta ɗaukata." Ni ma na juya baya na kalli teku.

Da ta natsu ta ciro ƙullin nan daga zaninta. Tsumman ya ƙi kwantuwa, sai da ta sa haƙori. Ta zazzage ƙasar a bakin kafar. Na ɗauka an gama. Sai ta rarrafa zuwa bakin zaure tana shafa ƙasa da tafin hannu, a hankali, kamar mai neman allura. Wurin a share yake, yadda kika faɗa, kuma mu ne farkon shiga. Ta tsaya a wani wuri ta ce, "Ga shi." Ta ɗebi ƙasar wurin ta ƙulle a tsumman.

Za ki tambaye ni ko akwai sawu a wurin. Ni mutum ne mai salla, ba na son irin wannan magana. Na ga nata, na ga na takalmina. Abin da ta ɗiba ba daga cikinsu ba ne. Iyakar abin da zan ce ke nan, kada ki sake tambayata.

Da muna fita na ɗaga kai, na ga tagar sama a buɗe, tsohuwar tana tsaye. Inna ta ce ba ta da abin da za ta ce mata. A hanya ta sa na tsaya a wurin hutawa muka yi azahar. Na ji ta ambaci sunansa a addu'a.

Tana so in rubuta miki wani abu da bakinta, ga shi a ƙasa. Ban gyara ko kalma ba.

Yayanki,
Chaibou

*

Ramatou,

Ina gaishe ki, Allah Ya yi miki albarka. Yayanki ne ke rubutawa, na ce kada ya sa nasa.

Kin yi rashin ji, kuma na gode.

Ki gaya wa mutanen nan su sare abinsu in sun ga dama, su sha shayinsu. Babu kowa a ciki yanzu. Amma ranar da za su sare, ki je ki tsaya, kada a yi babu na gida a wurin. Ki ce su fara ta ƙofa, kafar ta zama ta ƙarshe.

Ni ido ya ishe ni haka, ba na son aiki na biyu. Ku nema mini jirgi. Kakarki ta daɗe tana jiran mijinta, yana cikin ƙullin nan, zan kai mata shi har kabarinta.

Innarki